Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Tafkin Tiga: Darasi a Kan Dutse, Ruwa, Ƙasa da Rai

Gabatarwa

Mai hidimar da aka tura ƙauye a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ba ya daɗewa kafin ya gane cewa tambayoyin da za a kawo masa ba su tsaya ga na ranar Lahadi ba. Dattawa za su tambaye shi inda ya kamata a haƙa rijiyar ikilisiya. Kwamitin gona zai so ya ji dalilin da ya sa masara ta ƙi, alhali an zuba mata taki. Wata uwa za ta zo da yaron da ke fitsarin jini, tana so ta san ko abin damuwa ne, ko kuwa alamar girma ce kamar yadda aka gaya mata. A ƙauyuka da yawa mai hidima yana cikin mutane ƙalilan da suka yi dogon karatu, saboda haka maganarsa tana da nauyi. Idan ya ba da amsar da ba daidai ba, ana iya zuba kuɗin da jama'a suka yi shekara suna tarawa a ramin da babu ruwa, ko a bar yaro da cuta har ta lalata masa mafitsara.

Wannan darasi ba zai mai da mu likitoci ko malaman gona ba. Manufarsa ita ce mu riƙe tushen fannoni biyu: ilimin ƙasa, wanda ke duba duwatsu da ruwa da iska, da kuma ilimin halittu masu rai. Don kada mu ɓace cikin sunaye, za mu bi ruwa a tafiyarsa, tun daga inda yake sauka a duwatsun Doguwa har inda yake taruwa a Tiga ya wuce gaba. A hanya za mu ga cewa dutse, ƙasar noma, tsiro da lafiyar mutum a ɗaure suke da juna, kuma abin da aka yi a tudu, mutanen gangare ne ke shan sa.

1. Dutsen da muke zaune a kai

Duk inda aka haƙa rami mai zurfi a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ƙarshensa dutse ake tararwa. Wannan shimfiɗaɗɗen dutse shi ne gindin ƙasarmu, kuma manyan duwatsun da muke gani sun yi tsiri a gefen hanya ɓangarensa ne da ya leƙo waje. Yawancinsa irin dutsen niƙa ne, wanda masana ke kira giranayit. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce a hankali a can cikin ƙasa. Masana suna ƙiyasta shekarun dutse ta wurin auna wasu sinadarai da ke rikiɗewa a cikinsa sannu a hankali, kuma bisa wannan awo sun ba yawancin wannan dutse shekara kimanin miliyan 600.

Duwatsun Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, dabam suke. Dangin duwatsun Jos ne, kuma masana sun ba su shekara kimanin miliyan 170. Idan aka dube su a taswira, za a ga sun yi da'ira kamar zobe. Dalili kuwa shi ne, saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ce da ya mutu tuntuni, ruwa da iska suka cinye samansa. Lokacin da narkakken dutsen ke hucewa, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi ta cikin tsagoginsa ya bar kuza da tutiya da kwalambayit. Shi ya sa tun kafin zuwan Turawa aka san Riruwai da narka kuza, fatake suna ɗaukar dalmarta zuwa kasuwanni masu nisa.

Dutse yana da ƙarfi, amma yana ruɓewa. Zafin rana yana sa shi kumbura, sanyin dare ya sa shi tsukewa, har ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwa da saiwar itace ke shiga tsagar dutse su ci gaba da cin sa. Ƙwayoyinsa masu ƙyalli kamar gilashi su ne ke zama yashi, masu launin fari ko ja-ja kuma su narke su zama yumɓu. Mu riƙe wannan ruɓaɓɓen dutse a zuciya, domin daga gare shi ƙasar noma take fitowa, kuma a cikinsa ruwan rijiyarmu yake kwana.

2. Daga ina ruwan sama yake zuwa?

Rana tana dafa fuskar Tekun Atilantika da ke kudu da Nijeriya, ruwa ya tashi sama a matsayin tururin da ido ba ya gani, gishirin ya tsaya a teku. Daga wajen watan Afrilu iska mai laima takan taso daga kudu maso yamma ta shigo da wannan tururi cikin ƙasa. Idan iskar ta hau sama sai ta yi sanyi, tururin ya koma ɗigo-ɗigo, ya zama girgije, ya zubo. Manomi zai ce ai shi daga gabas yake ganin hadari yana tasowa, kuma gaskiyarsa ne. Iskar da ke can sama ce ke tura hadarin daga gabas zuwa yamma, amma laimar da ke cikinsa daga teku ta zo. Daga Nuwamba kuma iskar hamada takan rinjaya daga arewa maso gabas, ita ce hunturu, busasshiya mai ƙura.

Tun da laimar daga kudu take zuwa, damina tana riga isa Doguwa kafin birnin Kano, tana kuma daɗewa kafin ta ɗauke. Duwatsun ma suna taimakawa, domin suna tilasta wa iska hawa sama. A shekarar da aka saba, Doguwa tana samun ruwa fiye da milimita 1,000, abin da arewacin jihar, wajen Ɗambatta, ba ya samu.

Mece ce milimita ta ruwan sama? Milimita 1 tana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Mu ɗauki ɗakin sujada mai rufin kwano, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 10. Idan an yi ruwan milimita 1,000 a shekara, lita 100,000 ce ta zubo a kan wannan rufi, wato durom 500 masu cin lita 200. Yawancin ikilisiyoyinmu suna barin wannan ruwa ya kwarara ya ci gindin gini, sa'an nan a watan Maris mata su yi tafiyar awa guda neman ruwa.

Ruwan da ya sauka hanya uku yake bi. Wani ya koma sama ta wurin bushewa da ta ganyen itatuwa. Wani ya kwarara a bisa ƙasa zuwa ƙorama. Wani ya nutse. Yawan abin da zai bi kowace hanya ya dogara ga abin da ruwan ya tarar a ƙasa, kuma a nan hannun mutum yake shigowa.

3. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Mutane da yawa suna zaton akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa, wanda idan an huda aka same shi an huta. A yankinmu ba haka abin yake ba. Ruwan da ya nutse yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da muka ambata, kamar yadda yake zama a cikin soso, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa da shi. Dutsen da bai tsage ba ba ya riƙe ruwa ko kaɗan. Wannan ne dalilin da za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tarar da busasshen dutse. Idan an kai ga dutsen da bai tsage ba, ƙara zurfi ƙarin kuɗi ne kawai. Kafin ikilisiya ta biya mai injin haƙa, ya kamata a kira masu auna ƙasa da na'ura su nuna inda ruɓaɓɓen dutsen ya fi kauri. Kuɗin awon kaɗan ne a kan kuɗin ramin banza.

Abu na biyu, ruwan rijiya ruwan saman bara da na bana ne da ya nutse a kewayenta. Idan ƙasa ta yi fako, ruwa yana gudu ba ya nutsewa, rijiya za ta riƙa ƙafewa da wuri. Abu na uku, duk abin da ya nutse tare da ruwan yana iya isa rijiya. Saboda haka ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

4. Ƙasar noma

Ƙasar noma cakuɗe ce ta ruɓaɓɓen dutse, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, iska, ruwa, da ƙananan halittu masu rai. Manomanmu sun riga sun rarraba ta da sunaye. Jigawa tana da yashi da yawa, tana da sauƙin huɗa amma ba ta riƙe ruwa da taki. Fadama tana da laka, tana riƙe ruwa, shi ya sa shinkafa da rake suke son ta, kamar yadda muke gani a Tudun Wada. Inda aka ga tsakuwa ko marmara a fili, sau da yawa ƙasar sama ce ta tafi ta bar su.

Albarkar gona tana cikin ƙasar sama, wadda kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba a wurare da yawa. Kafin kaurin ɗan yatsa na wannan ƙasa ya samu, akan ɗauki shekaru ɗaruruwa, amma ruwan Agusta na dare ɗaya yana iya kwashe shi daga gonar da ke tsirara. Ɗigon ruwa yana dukan ƙasa kamar guduma, ya warwatsa ta, kwararar ruwa ta ɗauke. Idan kunya ta bi gangare, kowane kwari ya zama ƙaramar ƙorama, daga nan kwazazzabo yake farawa. Idan kunya ta gicciye gangare, ruwa yakan tsaya ya nutse. Jan ruwan da muke gani a ƙorama bayan an ɗauke ruwan sama, gonar wani ce ke tafiya.

A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu miliyoyi. Su ne ke ruɓar da kara da ganye da taki su mai da su abincin shuka, tare da taimakon gara da tana. Idan muka ƙone karan gona, mun hana su abinci. Tokar tana barin ɗan gishirin shuka, amma mafi yawan amfanin ya bi hayaƙi.

5. Yadda tsiro yake rayuwa

Kowane abu mai rai, daga kuka har sauro har mutum, an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. A cikin ƙwayoyin ganye akwai wani koren sinadari mai kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske, ganye yana haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon da ya shaƙa ta ƙananan ƙofofinsa, ya yi sukari, ya saki iskar oksijin da muke numfashi da ita. Daga wannan sukari ake samun ƙwayar masara, zaƙin rake, da itacen da muke girki da shi. Yawancin nauyin busasshen itace daga iska da ruwa ya fito, abin da ya ɗauko daga ƙasa kaɗan ne. Dabba da mutum ba su iya wannan aiki, saboda haka duk abincinmu, har nama da nono, daga koren ganye ya faro.

Ɗan abin da shuka ke ɗauka daga ƙasa kuwa ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Manya uku su ne naitirojin mai sa ganye ya yi kore, fosfaras mai ƙarfafa saiwa, da fotash mai taimakon ƙwaya da ƙarfin kara. Su ne haruffa uku na NPK da ke jikin buhun taki. Buhu mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu. Yuriya kuwa naitirojin kaɗai take bayarwa, kashi 46 cikin 100. Manomin da ke zuba yuriya zalla shekara da shekaru yana ciyar da ganye ne, sauran buƙatun shukar suna nan. Kuma idan aka watsa yuriya a bisa ƙasa ba a rufe ta ba, wani kashi nata yana bin iska.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ne, amma masara da dawa ba su iya ɗaukarsa daga iska. Wake, gyaɗa da waken suya suna da abokan aiki. Idan muka tuge gyaɗa za mu ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarta. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya masu kama naitirojin na iska su ba shukar, ita kuma ta ba su sukari. Kakanninmu da ke haɗa dawa da wake a gona ɗaya, suna kuma barin gawo a tsakiyar gona, sun ga amfanin tun kafin a san sunan bakteriya. Gawo dangin wake ne, yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana nuna mana wata irin dangantaka ta dabam. Yana manne wa saiwar dawa ko masara yana tsotse ta tun kafin ya fito fili. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Ya fi ƙarfi a gajiyayyiyar gona. Maganinsa shi ne a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙara takin gargajiya, a kuma riƙa juya shuka da waken suya, wanda ke sa irin ƙudujin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

6. Dajin Falgore da aikinsa

Wanda ya bi hanyar Jos daga Kwanar Dangora, ya wuce Tudun Wada, zai ratsa dajin Falgore kafin ya kai Doguwa. Tun zamanin Turawa aka keɓe wannan daji da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma ya taɓa Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Itatuwansa, irin su doka, maje, maɗaci, marke da kaɗanya, suna nuna cewa mun shiga yanki mai ruwa fiye da na kuka da ƙaya da ke arewa.

A daji irin wannan kowace halitta tana cin wata, wata kuma tana cin ta. Ciyawa tana ciyar da fara da gada, tsuntsu ya ci fara, shaho ya ci tsuntsu, ungulu da gara da ƙananan halittu su mai da gawa ƙasa. Idan aka cire ɗaya, sauran suna ji. Inda aka kashe macizai da mujiya, ɓeraye sukan yi yawa a rumbu. Inda feshin magani ya kashe ƙudan zuma, itatuwa da kayan lambu masu buƙatar a kai musu garin fure sukan rage 'ya'ya.

Babban aikin Falgore ga mutanen da ba su taɓa shigarsa ba shi ne riƙe ruwa. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya isa Tiga. Ganye yana tare ƙarfin ɗigon ruwa, busasshen ganyen da ke ƙasa yana shanye shi, saiwa tana buɗe masa hanyar nutsewa tana kuma riƙe ƙasa. Ruwan da ya nutse yana fitowa a hankali ya ciyar da ƙoramu bayan damina. Idan gatari da gawayi da gobarar daji suka cinye itatuwan, ruwan zai sauko gaba ɗaya da laka a cikinsa, ƙoramu su ƙafe da wuri.

7. Tiga da mutanen gangare

An kammala madatsar ruwa ta Tiga, a Ƙaramar Hukumar Bebeji, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin ya mamaye murabba'in kilomita kusan 180, kuma bisa lissafin lokacin gininsa yana iya riƙe ruwan da ya kai durom kusan biliyan 10. Daga nan ake ba gonakin rani na Kadawa da Kura ruwa, birnin Kano ma yana sha daga gare shi. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan da ya sauka a Zariya kuwa Kogin Kaduna yake bi zuwa Neja, ya koma teku. Duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa kogi ɗaya kamar gida ɗaya ce, ko mazaunanta sun san juna ko ba su sani ba.

Madatsa tana kawo amfani, tana kuma canza abubuwa. Ruwan da ya tsaya yana sauke lakar da ya ɗauko, don haka ƙasar da ta bar gonakin Doguwa da Tudun Wada tana kwantawa a gindin tafkin tana rage masa ciki. A can Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu bayan gina Tiga da madatsar Challawa, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Mutanen Bebeji ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki.

8. Ƙananan halittu da lafiyarmu

Ruwan da ya tsaya gida ne ga wasu halittu masu sa cuta. Uku daga cikinsu sun isa misali.

Zazzaɓin cizon sauro wata ƙaramar halitta ce ke kawo shi, wadda macen sauro ke ɗauka daga jinin mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Wani likita ɗan Ingila, Ronald Ross, shi ya tabbatar da haka a Indiya a 1897. Sauro yana yin ƙwai a ruwa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini a bayan ɗakin sujada ya ishe shi.

Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsar a fitsari. Idan fitsarin ya shiga tafki ko magudanar ruwan rani, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka yake yi, ko wanki, ko dashen shinkafa. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar tana girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, kuma ƙwanta ne ke yi wa mafitsarar rauni har jini ya fito. Saboda haka fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. Idan aka bar shi yana jawo ƙarancin jini, ya dakushe karatun yaro, ya lalata ƙoda, yana kuma iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara. Mata ma suna kamuwa, kuma yana taɓa mahaifa. Akwai maganinsa, Praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Ruwan tafkin da aka ɗebo aka ajiye kwana 2 ba ya sa tsargiya idan an yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba su daɗewa a waje.

Kwalara da taifot kuwa bakteriya ne da ke fita a bayan gida su dawo ta ruwan sha ko abinci. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da su. Tafasawa tana kashe su. Mai gudawa rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi, don haka a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kan hanyar zuwa asibiti: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kowace daga cikin cututtukan nan tana da zagayen da take bi, kuma idan an yanke zagayen a wuri ɗaya sai ta tsaya. Mun ga haka da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu allurar rigakafinsa, babu ƙwayar maganinsa. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi aka yaƙe shi, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna cikin masu jan gaba. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Mutanen ƙauye da aka yi wa bayani suka gane su ne suka yi yawancin aikin.

9. Abin da ya rage gare mu

Mai hidima yana da abin da malamin gona da ma'aikacin lafiya ba su da shi: yana zaune da mutanen, yana ganinsu kowane mako, kuma ikilisiya tana da fili, rufi, rijiya da gona da kowa ke kallo. Idan kunyar gonar ikilisiya ta gicciye gangare, aka juya masara da waken suya, maƙwabta za su ga bambancin da idonsu. Idan aka sa indararo da tanki a rufin ɗakin sujada, aka cike ramin da ke bayansa, aka gina masai a inda ya dace, an koyar da darasi ba tare da allo ba. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa wurare ne masu kyau na bayyana zagayen tsargiya. Rijiya da ƙorama kuwa ba su san addinin mai sha ba, don haka aikin kare su sai an haɗa kai da mai unguwa, da dagaci, da liman, da makiyayan da ke shayar da dabbobi a wurin.

Mu kuma san iyakarmu. Idan tambaya ta fi ƙarfinmu, mu tura mutum wurin ma'aikacin lafiya ko malamin gona, mu raka shi idan da hali. Wanda ya fahimci tushen da muka bi a nan zai san tambayar da zai yi musu, zai kuma iya mayar wa jama'arsa amsar cikin harshen da suke ji.

Tambayoyi don nazari

1. Zana taswirar garin da kake hidima. Nuna tudu da gangare, rijiyoyi, masai, da wuraren da ruwa ke kwanciya. Wace rijiya ce ke cikin haɗari?

2. Auna tsawo da faɗin rufin ɗakin sujadarku. Durom nawa na ruwa zai tara a shekarar da aka yi ruwan milimita 1,000?

3. Ƙoramar da ta fi kusa da ku, ina ta fito, wane kogi take faɗawa, su wane ne ke sha bayanku?

4. Wani dattijo ya ce fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji ne. Yaya za ka yi masa bayani ba tare da ka kunyata shi a gaban jama'a ba?

5. Tambayi tsofaffi uku itatuwa da namun dajin da suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda babu su yanzu. Me suka ce ya kawar da su, kuma me ya canza a rijiyoyi da ƙoramu tun daga lokacin?